Jambiani ko Akwidaa: wace gaɓar teku ta dace da iyalin da ba su iya ruwa ba?

Bayan ƙaramar Sallah ƙanena ya turo mini hotuna biyu ta WhatsApp. Ɗaya farin rairayi ne da ruwa garai-garai, kamar an jiƙa shuni a farar tasa. Ɗayan gaɓa ce mai jan yashi, bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo kanta, babu ko mutum ɗaya. Na farko Jambiani ne a gabashin tsibirin Zanzibar, na biyu Akwidaa ne a yammacin Gana. Ya ce: "Yaya, ka taka duka biyun. So nake in kai maman yara da yaran su ga teku, inda babu hayaniya. Wanne zan ɗauka?"

Ban ba shi amsa ba sai da na tambaye shi ko a cikinsu akwai wanda ya iya ruwa. Ya ce babu, sai dai shi da ya ɗan taɓa iyo a kududdufin unguwa yana yaro.

Daga wannan amsar shawarata ta fara, domin a nan akasarinmu muke. Ruwan da muka tashi muka sani shi ne kududdufi, da dam irin su Tiga, da kogin da ke gudu ta fuska ɗaya. Teku ba ta cikin wannan sahun. Kuma gaɓar da babu hayaniya ita ce gaɓar da babu mai ceto, babu tutar gargaɗi, babu asibiti a kusa. Don haka hoto ba zai zaɓa maka ba. Abin da zai zaɓa maka shi ne halin ruwan, da tazarar da ke tsakaninka da likita.

Bari in fara da Gana, don ita ce ta fi kusa da mu, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro.

Daga Akra zuwa Takoradi tafiyar kilomita 220 ce ko kusa da haka. Daga Takoradi ka nausa yamma zuwa Agona Nkwanta, ka saki babban titi ka gangara kudu. Nan ce ƙasar Ahanta: Busua, Butre, Dixcove, sai Akwidaa, sai Cape Three Points, wurin da ƙasar Gana ta ƙare ta kudu, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa take tsaye a kan duwatsu. Kowane ƙauye kusan da tsohon sansanin Turawa a kan tudunsa: Metal Cross na Ingilishi a Dixcove, Batenstein na mutanen Holan a Butre. Wuri ne mai kwantar da rai, ba na musun wannan.

Amma tekun Atlantika ce kai tsaye, babu abin da ya shiga tsakaninta da gaɓa. Igiyoyin ruwan da suka taso daga can kudu mai nisa a kan yashin da kake tsaye suke fashewa, yashin kuma a wurare da yawa gangare ne, taku uku daga idon sawu ka kai ƙugu. Duk ruwan da igiya ta turo waje dole ya koma, kuma ba ya komawa a baje. Yana neman wuri mai ɗan kwari ya taru, ya yi rariya, ya kwarara ciki da ƙarfi. Wannan rariyar ita ce ke cin mutane. Gudunta kan kai mita 2 a daƙiƙa ɗaya, wanda ko gwanin ninƙaya ba ya iya ja da shi. Abin da ya fi muni, a ido ita ce ta fi kama da wurin lafiya: dama da hagu igiyoyi na fashewa da farin kumfa, tsakiya kuwa ruwa ya yi duhu ya kwanta luf. Baƙo mai tsoron igiya can zai nufa da yaransa.

Na ga wannan da ƙafata. Wata safiya a gaɓar da ke gaba da Akwidaa na naɗe wando na shiga iya gwiwa, a irin wannan wurin mai kwanciya. Igiya ta zo ta wuce, da za ta koma sai na ji yashin da ke ƙarƙashin dugadugaina yana zarewa, kamar ana janye tabarma. Kafin in gyara tsayuwa ta biyu ta zo ta kai ni ƙasa. Direban da ya kawo ni, wani dattijo ɗan zangon Takoradi, shi ya riƙo hannun rigata ya fizgo ni. Da muka zauna ya nuna mini wani ɓawon kwakwa da ke kan ruwan, ya ce: "Malam, dubi wancan." Muna kallo ɓawon ya miƙe ciki ɗoɗar, ya wuce inda igiyoyi ke fashewa, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Ya ce: "Inda ka tsaya ke nan. Nan ko 'ya'yan masunta ba sa wasa." Tun ranar, duk gaɓar da na je sai na zauna a tudu na yi minti goma ina kallon inda kumfa da tarkace ke nufa kafin in taɓa ruwa.

Wanda rariyar ta ɗauka, abin yi shi ne kada ya yi kokawa da ita yana neman dawowa ta inda ya fito. Ba ƙasa take dannawa ba, ciki take ja, kuma ba ta da faɗi sosai. Ya kwanta rigingine ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu ɗaya, in ya iya iyo ya yi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta. Sai dai ku lura, duk wannan shawara ce ga wanda ya iya ruwa. Wanda bai iya ba, kariyarsa ɗaya ce: kada ya shiga. Wanda ke waje kuma kada ya faɗa don ceto, ya jefa jarka ko duk abin da ke yawo a kan ruwa, ya ƙwalla wa masunta kira. Sau da yawa mai ceton da bai iya ba shi ake rasawa tare da wanda ya je ceto.

Busua ce ta ɗan fita daban a yankin. Tana cikin lungu, da ɗan tsibiri a gabanta, yashinta shimfiɗe yake ba gangare ba, kuma akwai samarin garin da ke koyar da hawan igiya a kan allo, waɗanda kusan kullum idonsu na kan ruwa. Ko a can ɗin ban yarda yaro ya wuce idon sawu ba tare da hannunsa na cikin na babba ba.

Gabashin Zanzibar wata duniya ce. Daga tsohon birnin da ake kira Stone Town zuwa Paje kilomita 50 ne, tafiyar awa guda a kan kwalta, Jambiani na ɗan gaba kaɗan ta kudu. Can cikin teku, nesa da gaɓa, akwai shingen duwatsun murjani da ya bi tsawon gabashin tsibirin. A kansa manyan igiyoyin tekun Indiya ke fashewa. Daga gaɓa farin layi kawai kake hangowa, kana jin rugugi sama-sama. Tsakanin shingen da rairayi ruwa ne mai ɗumi, marar zurfi, kwance kamar tafki. Yaro ɗan shekara biyar zai zauna a ciki yana wasa, uwarsa na gefe.

Haɗarin can daban ne, kuma yana da agogo. Teku na cika ta janye sau biyu a kowace rana, kusan awa shida tsakanin cika da janyewa, lokacin kuma na matsawa gaba da kamar minti 50 kullum. A Gana bambancin bai cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, da ƙyar baƙo zai lura. A Zanzibar yakan kai mita 4. Idan ta janye a Jambiani sai ka ga ruwa ya gudu kilomita guda ko fiye, ya bar fili fetal, mata sun shiga da sanduna da igiyoyin ɗauri suna aikin gonakin ciyawar teku da suke kira mwani, sana'ar da ta kafu a yankin tun wajen 1989. Filin yana kiran mutum. Kana tafe kana tsintar kwanson dodon koɗi, ba ka san ka yi nisa ba. Ruwa kuwa idan zai dawo ba ta gabanka kaɗai yake zuwa ba: yana fara cika kwaruruwan da ka tsallako a baya, sai ka waiwaya ka ga kana kan tsibirin yashi, tsakaninka da gaɓa ruwa iya ƙirji yana gudu.

Mu da muke lissafi da watan Musulunci muna da sauƙi a nan. Cika mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne a farkon wata da kuma tsakiyarsa, wajen 14 zuwa 16, lokacin da wata ya cika. A waɗannan kwanakin ruwa ya fi nisa, ya kuma fi saurin dawowa. Kowane masauki na kirki yana da jadawalin cika da janyewa, wasu a allo suke rubuta shi kullum. Kalmomi biyu na Sawahili, harshen tsibirin, za ka riƙe: maji kupwa, ruwa ya janye; maji kujaa, ruwa ya cika. Ka bi bayan ruwa yana janyewa, ka juyo tun kafin ya kai ƙarshen janyewarsa. Mafi sauƙi ma, ka sa ido kan matan mwani: da ka ga sun ɗora dammansu a ka sun nufo gida, kai ma ka nufo. Shingen murjanin kansa kada a je shi sai da ɗan gari, domin ta ƙofofinsa ruwan ke shiga da fita da ƙarfi.

Sai abin da ke ƙasa. Akwai bushiyar teku, baƙa mai dogayen ƙayoyi da ke karyewa cikin tafin ƙafa. Akwai kifi mai kama da dutse wanda dafin ƙayarsa ke kai mutum asibiti. Murjani kuma yana yanka kamar reza, raunin ba ya saurin warkewa. Maganin duka ukun takalmin roba ne mai rufe ƙafa, ba silifas ba. A saya wa kowa har yara tun daga gida. In an taka ƙaya, a tsoma ƙafar a ruwan zafi iya yadda fata za ta jure na rabin awa ko fiye, sannan a nufi asibiti. Wani lokaci iska na koro wata halitta mai kama da 'yar shuɗiyar leda mai dogon zare. Yara na son ɗauka, alhali ko ta mutu zarenta na harbi. A wanke wurin da ruwan teku, kada a murza.

Da wannan za ka ga inda na karkata. Haɗarin Jambiani yana da jadawali, ana karanta shi a allo, ana sa masa takalmi. Na Akwidaa ba ya sallama.

Akwai maganar da ba a cika yi ba, kuma ta shafi iyalanmu kai tsaye: sutura. Matanmu ba za su tuɓe a bakin ruwa ba, kuma daidai ne. Amma doguwar abaya, da zani, da babban hijabi, idan suka sha ruwa nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafafu, igiya ta samu abin kamawa. Haka jallabiyar namiji. A gaɓar Gana mace mai abaya da ta tsaya iya ƙauri don a ɗauke ta hoto, ta ba teku baya, tana cikin haɗari na gaske. A nemi kayan wanka masu rufe jiki, riga da wando da hula masu kama jiki ba matsewa ba, marasa shan ruwa. A Zanzibar ba wanda zai kalle ta sau biyu, kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, har ma a Nungwi, can arewacin tsibirin, akwai wata ƙungiya, Panje Project, da ke koya wa mata da 'yan mata ninƙaya cikin irin wannan suturar. Gaskiyar da zan ƙara ita ce, baƙin Turai a Paje da Nungwi ba su da wannan kunyar, kuma da yawa suke. Mai son kare idon yaransa ya gangara Jambiani ta kudu, inda ƙauye ya fi otal yawa. Ta wannan fuskar Akwidaa ta fi: sau da yawa ku kaɗai ne a gaɓar.

To, in wani abu ya faru fa? Daga Jambiani akwai asibiti a Makunduchi ta kudu, babban asibiti kuma yana cikin birni, awa ɗaya da 'yan mintoci a kan kwalta, dare ko rana ana samun mota. Daga Busua, Dixcove na nan kusa da asibitinta, babban asibitin Effia Nkwanta kuma na Sekondi, kusa da Takoradi, kamar awa guda. Akwidaa da Cape Three Points su ne matsalar. Lokacin da na bi hanyar ta jar ƙasa ce, ta ratsa gonakin roba, fiye da awa ɗaya kafin a hau kwalta, da damina kuwa ƙaramar mota na iya kafewa. Waya na kamawa a wani wuri ta ɗauke a wani. Lambar gaggawa ta Gana 112 ce, amma lamba ba ta gyara hanya. Wanda zai kwana can ya tabbata motar da ta kawo shi a nan za ta kwana. Mai juna biyu, ko tsoho mai hawan jini, ko jariri, ban ga dalilin kai su kwana can ba. Zazzaɓin cizon sauro ma ya fi ƙarfi a gaɓar Gana, duk shekara. A Zanzibar an rage shi ƙwarai, ko da yake bai ƙare ba. Gidan sauro dole ne a duka biyun.

Jirgin ruwa kuwa a Zanzibar ya fi zama jarrabawa, domin can ne za a yi ta tallata maka fita: kallon kifayen dolfin a Kizimkazi, zuwa tsibirin yashi, yawon faɗuwar rana a jirgin filafilai. Mu da muka ga kifewar jirgin ruwa a Bagwai a 2021, da abin da ke faruwa kusan kowace damina a Neja da Kebbi, ba ma buƙatar dogon bayani. Su ma suna da nasu tabon: jirgin Spice Islander da ya nutse tsakanin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, da tsibirin Pemba a Satumban 2011 saboda lodi fiye da kima. Kafin ka biya, ka ga rigunan kariya da idonka, ka ƙirga su, ka tabbata akwai daidai jikin yara, a saka su tun a kan yashi. In mai jirgi ya ce suna ciki, za a raba a hanya, ka fasa. Kuma in kuna sa lokaci ka tambaya da kyau, domin Sawahili daga ƙarfe 6 na safe suke fara ƙirga awa: saa mbili, wato awa biyu, a wurinsu ƙarfe 8 ne.

Ta fuskar takardu da aljihu Gana ta yi wa Zanzibar fintinkau. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, fasfo da katin rigakafin shawara sun isa, kuma ana iya zuwa ta mota daga Legas ta Seme, Kwatano, Lome da Aflao. Tanzaniya kuwa, ƙasar da Zanzibar ke cikinta, ta sa Najeriya da Nijar da Chadi cikin ƙasashen da ba a ba su biza a filin jirgi. Sai an nema ta intanet an jira amincewa, abin da kan ci makonni, don haka kada a yanki tikiti kafin ta fito. Tun 1 ga Oktoban 2024 kuma duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatin tsibirin, dala 44 ga babban mutum. Ga kuɗin jirgi ta Adis Ababa ko Nairobi. Ga iyali mai mutum biyar, bambancin ba ƙarami ba ne.

Abinci da sallah sun rabu biyu. A Jambiani kiran sallah ne zai tashe ka, nama halal ne ba sai ka tambaya ba, amma ba mai jin Hausa, sai 'yan kalmomin Larabci da muka haɗa, irin su hatari, wato haɗari. A Takoradi kuwa kana shiga zango ka dawo gida: koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da suke kira waakye, tsire da yamma, Hausa a bakin kowa. Sai dai ƙauyukan gaɓar ba zango ba ne, can kifi da dokunu, tuwon masararsu mai tsami, za ka riƙe, ka tafi da dardumarka. Amfanin zangon da ya fi abinci shi ne direba. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wanda zai gargaɗe ka cikin harshen da kake ji tun kafin ka gama naɗe wando ya fi kowane allon sanarwa. Ranar Talata masuntan Gana ba sa fita teku, to a ranar idanun da ke kan ruwa sun ragu. A duka wuraren biyu duhu na faɗowa da sauri bayan ƙarfe 6, kuma ba a yawo a gaɓar da babu kowa da dare, ko da waya a hannu.

Lokacin zuwa: yammacin Gana daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da teku ta fi lafawa, hanya ta bushe, a guji Mayu da Yuni, ruwan sama da igiya duk sun fi ƙarfi. Zanzibar a guji Afrilu da Mayu, babbar daminarsu. Daga Yuni zuwa Satumba sararin sama garau yake amma iskar kudu da suke kira kusi na kaɗawa sosai a gabas, fita a ƙaramin jirgi ba daɗi. Janairu da Fabrairu zafi ne, ga rana mai ƙona har baƙar fata, sai da hula da ruwan sha a hannu.

Abin da na faɗa wa ƙanena shi ne: in burinsa yaran su shiga ruwa su yi wasa hankalinsa kwance, ya ƙara wata shida yana tari, ya nemi biza da wuri, ya kai su Jambiani, ya zaɓi kwanakin 7 zuwa 10 ga watan Musulunci, lokacin da teku ba ta gudu da nisa. In kuwa aljihu ya ce Gana, to masauki a Busua, ba Akwidaa ba. Su ɗauki direba daga zango su je Cape Three Points da hantsi, su hau hasumiya su kalli teku daga sama, su ci kifi a Akwidaa a inuwar kwakwa, kowa da takalminsa a ƙafa, su juyo kafin la'asar sakaliya.

Ya yi shiru, sannan ya ce babbar 'yarsa ba za ta yarda ta ga ruwa ba ta shiga ba. Na ce to ya riga ya san amsarsa. A satin ya kai ta ita da ƙannenta wurin koyon iyo a wani otal a Kano, ya kuma fara cike takardar biza.